Hazon da Nasiba Ta Janye

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari, don duk wanda na soma ba shi da baki, da ya ji maganar wasan salula ce sai ya yi murmushi ya kama wata hira. Amma a gidan Malam Chindo na Tsarnawa babu wanda abin ya ba dariya, balle ƴarsa Nasiba.

Malam Chindo maginin rijiya ne. Daga Tsarnawa har ƙauyukan Bazaga akwai rijiyoyi da yawa da shi ya fara sa musu diga, shi ya sauka cikinsu da igiya a ƙugu har ya taɓo ruwa. Sai cutar yana ta rufe masa ido, na dama tukuna, na hagu ya biyo baya. Ba duhu yake gani ba. Ya ce kamar an shafa wa duniya farin kunu ne. Ya bar fita aiki, sannan ya bar hira, daga baya ko tuwo sai matarsa Inna Asma'u ta yi ta lallashi kafin ya kai ƴan lomomi bakinsa. Wuni yake yi a kan tabarma gindin dogon yaron da ke tsakar gida, sandarsa a gefe, yana bin muryoyin mutane da kai.

Ɗansa Sirajo, da zai tafi cirani Kwatano, ya bar wa ƙanwarsa Nasiba tsohuwar salularsa don su riƙa jin bokal, wato saƙon murya, da zai riƙa aikowa. Cikin salular akwai wani wasa da ba ya neman rezo, wato sabis ɗin waya. Duniya ce da aka yi da bulo: ƙasa bulo, itace bulo, tumaki bulo, har rana mai kusurwa huɗu ce. Mutum yana faɗowa cikinta hannu wofi. Sai ya sari itace, ya ƙera diga, ya nemi abin ci, ya gina ɗaki kafin duhu ya yi, don cikin duhu dodanni ke fitowa. Nasiba yarinya ce mai kunya, irin wadda in baƙo ya yi sallama sai ta shige bayan rumbu. To a bayan rumbun nan ta koyi wasan, ita kaɗai, ba wanda ya sani.

Wata rana bayan la'asar ta manta ba ta rage sauti ba. Tana cikin sarar dutse da digarta, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ta ji muryar mahaifinta daga gindin itace.

"Wa ka ginar ƙasa gidan ga?"

Ta fito kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya, ta durƙusa, ta ce wasan Sirajo ne. Ya ce ta kawo. Ta kara masa salular dab da hancinsa, sai ga shi yana rarrabe abin da ke ciki, don hasken yana da ƙarfi, bulon kuma manya ne. Ya ce ta gina ya gani. Ta soma tona ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafafunta, kamar yadda ta saba, ba ta ankara ba ƙasa ta ɓurma, mutumin nata na cikin wasan ya faɗa wani kogo ya mutu. Malam Chindo ya ja tsaki mai tsawo, irin wanda aka daɗe ba a ji ba a gidan. Ya ce duk wanda ya koya mata wannan gini ba ya ƙaunarta. Ba a tona inda ƙafa take. Ya ce gobe war haka ta dawo, a sake daga farko.

Haka aikin ya soma. Kullum in an sallame la'asar sai Nasiba ta zauna gefensa, ta riƙe salula kusa da fuskarsa, manyan yatsunta na aiki, shi yana ba da umarni. Ya sa ta yi matakala tana sauka a karkace. Ya sa ta toshe duk wata kafa da suka wuce. Da suka yi nisa ƙarƙashin ƙasa, sai suka tarar da hazo.

Hazon nan ba ya sama, sai a cikin kogo. Toka-toka ne, yana tsaye ba ya motsi, fitila tana kore shi ƴan taku kaɗan, daga nan kuma ba a ganin komai. Ramin da ke gaba ba a ganinsa sai an kai bakinsa. Dodo ma sai an ji gurnaninsa kafin a ga ƙafarsa. Nasiba takan ji gabanta na faɗuwa duk lokacin da suka shiga, amma mahaifinta a nan ne yake gyara zama. Ya ce haka cikin ƙasa yake, mutum ba ya ganin abin da ya wuce fitilarsa. A wurin aikinsu, kafin kowa ya sauka rijiya mai zurfi, sai an zura fitila da igiya an jira. In harshen wutar ya mutu, iskar ƙasan ba ta da kyau, ba mai shiga ranar. Don haka ya kafa mata doka: duk sabon wuri sai ta dasa fitila ta dakata, ya ƙura mata ido, sannan ya ce a wuce. Nasiba ta san fitilar wasan ba ta mutuwa ko da za a shekara, amma ba ta faɗa ba. Yakan sa ta ƙara sauti kuma, ya kara kunne, wai yana sauraron motsin ruwa.

Ruwa yake nema. Ya ce ƙasar da aka gina ba a taɓo ruwa ba, ba a yi komai ba, kuma ba za su bari ba sai sun same shi. Inna Asma'u ta lura kwanon tuwonsa ya fara komawa wayam. Har fura yake tambaya da hantsi. Ta ce wa Nasiba ko me ke cikin abin nan, Allah ya yi masa albarka, kada ta fasa.

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa shi ne, Malam Chindo bai san ina hazon wasan ya tsaya ba, ina na idonsa ya soma. Bai tambaya ba, ita ma bai zo mata a rai ba.

Nasiba kuwa tana da tata damuwar. Ita da ƙawarta Rashida sun shiga koyon ɗinki a gidan wata tela da ke bayan kasuwa, kuma bayan la'asar ake yi, lokacin da keken ɗinki ke samun sarari. Tun da aka fara neman ruwa ba ta sake leƙawa ba. Rashida ta zo ta gaya mata cewa telar ta ce in ba ta da niyya ta faɗa, akwai masu jiran wurin. Ga hannu na yi mata tsami don riƙon salula, ga nauyin zama kafaɗa da kafaɗa da mahaifi, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. Sau da yawa takan shirya maganar a ranta tun tana wanke-wanke, ta ce yau za ta roƙe shi ya bar mata yini ɗaya-ɗaya. In ta zo ta same shi ya riga ya share gefen tabarmar da tafin hannu yana jiranta, sai maganar ta koma ciki.

Ana haka aka yi shela cewa masu aikin ido za su zo likitar Ƙonni, wato asibitin garin, suna cire yanar ido. Sirajo ya aiko bokal a kan bokal, ya ce lalle a kai Baba. Aka je aka ba da sunansa, aka ba shi rana, Talata. Inna Asma'u ta yi magana da Mustafa direba, maƙwabcinsu mai jigila zuwa Ƙonni, ya ce zai tsaya ƙofar gida da safe ya ɗauke su. Malam Chindo bai ce a'a ba, amma kowa ya ga ba ya so. Ya ce ya shiga ramukan da jaki ba ya yarda ya leƙa, bai taɓa jin tsoro ba, amma a ce mutum ya kwanta ido buɗe wani ya nufo shi da ƙarfe, wannan kam.

Amininsa Jaje, Bafillacen da ke kiwo wajen Bazaga, wanda Malam Chindo ya gina wa rijiyar shanu tun suna da ƙarfinsu, yakan biyo duk ranar da ya shigo gari. Da ya ji zancen, sai ya zo da wani ganye a ƙulle cikin tsumma, ya ce a dafa a riƙa wanke fuska safe da yamma. Ya ce ko a saniya ya gwada. Malam Chindo ya ce to ai shi ke nan, tun da Bafillace ya haɗa shi da saniya ya kai shi matsayi mafi girma da ya sani. Jaje ya ce ai saniyar ta fi shi jin magana. Suka yi dariya, aka ba Inna ganye ta dafa.

A cikin kwanakin nan ne Nasiba ta je bakin kwalta, inda rezo ke kamawa, ta yi wa Sirajo bokal da ƙaramar murya. Ba ta ambaci ɗinki ba. Ta ce dai sun daɗe suna neman ruwa cikin kogo, hazo ya hana su gani. Amsar ta zo da dariya a gaba. Sirajo ya ce ashe har yanzu da hazo suke fama. Ya ce a shagon da yake aiki kullum sai an yi gardama a kan hazon nan. Akwai wani abokin aikinsa da ke rantsuwa cewa hazon shi ne daɗin wasan, in babu shi kogo ya zama kamar rumfar kasuwa, ba tsoro ba ɗoki. Shi kuwa Sirajo ya ce wannan maganar banza ce, hazo cuta ne kawai: ka sha wahala ka tara kaya, dodon da ba ka gani ba ya zo ya kashe ka, ko ka wuce abin da kake nema yana gefenka. Ya ce wasa ai don a gani aka yi shi. Sannan ya kwatanta mata inda za ta shiga, wurin alama mai kamar haƙoran keke, ta gangara har ta ga zanen wata ƴar ƙaramar sanda a kwance. In ta ja ta dama, hazo ya tafi. In ta ja ta hagu, ya dawo.

Ba ta taɓa ba ranar. Washegari ma ba ta taɓa ba. Sai ran da Rashida ta wuce ta ƙofar gidansu da wata ƴar rigar yara da ta ɗinka da kanta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tana nuna wa kowa. Da azahar Nasiba ta je karɓo salula wurin mai caji. A hanyar dawowa ta raɓe jikin wata katanga, ta nemo ƴar sandar, ta ja ta dama har ƙarshe. A ranta ta ce in an samu ruwan, shi ya huta, ita ta huta.

Ranar Jaje yana nan, yana zaune a kan buzunsa yana shan fura. Nasiba ta zauna inda ta saba, ta buɗe wasan, ta kara wa mahaifinta. Suna tsaye a inda suka kwana jiya, bakin wata kafa da suka dasa fitila.

"Tsaya," in ji Malam Chindo. "Nasiba, tsaya."

Kogon ya buɗe gaba ɗaya. Ga rufinsa can sama, ga ginshiƙan dutse, ga layin fitilunsu ya miƙe a baya kamar na masu tallan dare. Can ƙarshe, ta hannun hagu, wani tafki shuɗi yana kwance. Malam Chindo ya karɓi salular daga hannunta, abin da bai taɓa yi ba. Ya matso da ita, ya nisanta ta kaɗan, ya sake matsowa.

"Jaje," ya ce a hankali, "ina gani. Jiya nan duk harin kunu na. Yau ga ruwa can, har bakinsu ni ka gani."

Nasiba ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe. Amma Jaje ya riga ya ajiye ƙwarya yana hamdala, yana cewa ai ya faɗa, ganyen nan bai taɓa ba shi kunya ba. Inna Asma'u ta fito daga madafa da muciya a hannu. Nasiba ta dubi fuskar mahaifinta ta ga hawaye na bin gemunsa, shi da ko ranar da aka ce ya bar aiki bai yi kuka ba. Sai ta rufe bakinta.

Inna ta matso ta tsaya gabansa ta ce to ya dube ta ya faɗi kalar ɗankwalinta. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce ita kam har yanzu da sauran fari-fari, amma ai haka sauƙi yake farawa, daga kusa. Ya ce sabuwar rijiya ma ba ta cika rana ɗaya, tsattsafowa take yi daga ƙasa. Inna ta juya. Ta koma madafa.

Kafin magariba sun kai bakin tafkin. Bai ce a dasa fitila ba ko sau ɗaya, don ba abin da ke ɓoye. Ya sa Nasiba ta shiga ruwan ta fito, ta sake shiga. Ya ce Alhamdulillahi, aiki ya yi kyau.

Daga ranar wasan ya canja. Dodo tun yana can nesa ake hango shi a kauce. Rami tun ba a kai ba an san da shi. Babu dakatawa, babu kara kunne, babu "bi a hankali". Malam Chindo yakan sa a buɗe ne kawai ya duba ko idon na nan yadda yake, ya ƙirga ginshiƙan da ke nesa da baki, ya yi murmushi, ya ce ta je ta huta. Nasiba ta samu abin da take so. Ta koma gidan tela, aka ba ta keke, aka ba ta ƙyalle. Ta yi ta taka keken, layin na karkacewa, telar na warwarewa. Rashida ta tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce kanta ne ke ciwo. Ko ita kaɗai a bayan rumbu ta gwada shiga kogon, ta ga ba ta jin komai, kamar mai yawo a gidan da aka kwashe kaya. Ta tuna abokin aikin Sirajo da rumfar kasuwarsa. Ta kashe salular.

Ana saura kwana kaɗan Talata, Malam Chindo ya kira ta. Ya ce tun da Allah ya kawo sauƙi ta hannun Bafillace, ba dalilin da zai sa ya kai idonsa a yanka. Ya ce ta je ta gaya wa Mustafa ya ba wani wurin, sannan ta danna masa salula ya yi wa Sirajo magana. Ta danna. Ta riƙe masa yana magana da murya mai ƙarfi, irin ta da, yana ce wa ɗansa ya kwantar da hankalinsa, ido ya soma washewa, in damina ta yi zai tarar da shi a gona. Ya ce har ya yi wa Jaje alkawari, rijiyarsa ta cushe da yashi, in ido ya ƙara kwana biyu shi da kansa zai sauka ya yashe ta.

Nasiba ta ɗauki salula ta nufi bakin kwalta. Tun kafin ta kai inda rezo yake ta tsaya. In Sirajo ya ji wannan, nan take zai gane, kuma zai kira ya faɗa da dariya, kowa ya ji. In kuma ta gaya wa Mustafa, wurin ya tafi, masu aikin ido su gama su koma inda suka fito, ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ta goge bokal ɗin. Ta bi ta bayan gidan su Mustafa ba ta shiga ba. Da ta dawo mahaifinta ya tambaya ko ta isar, ta ce i, idonta a ƙasa, ko da yake ta san ba ganinta yake yi ba. Ƙarya ɗaya ta zama uku.

Ran Litinin da aka kira magariba, Malam Chindo ya tashi zai tafi masallaci. Inna ta miƙa masa sanda, ya ce ta ajiye, lokaci ya yi da zai fara saba wa idonsa. Ya yi alwala ya miƙe ya nufi zaure, ƙirji a gaba. Nasiba tana kallonsa daga bakin rumbu, tana ganin ya kauce hanya, yana nufar inda ake ɗaure akuya. Ta ce "Baba", amma muryar ba ta fita yadda za a ji ba. Ya yi tuntuɓe da turke ya faɗi a kan gwiwa, ƙaurinsa ya daki bakin kwanon ƙarfen da akuya ke sha.

Ba wani babban rauni ba ne, amma jini ya zuba sosai. Suka kama shi suka mai da shi tabarma. Yana ta cewa ba komai, duhun magariba ne, ko mai ido biyu sai ya faɗi, wa ma ya ce a kafa turke a nan. Turken nan kuwa shi ya kafa shi da hannunsa tun Nasiba ba ta yi wayo ba. Inna Asma'u ta sa Nasiba ta riƙe mata fitila tana wanke ciwon da ruwan gishiri. Ba ta ɗago ta dubi ƴarta ba, ta yi maganar kamar da ƙafar take yi.

"Ni dai abin ga ya ɗaure mini kai. Mi ac cikin salula da shi ka gani, wanda babu shi tsakar gidana?"

Fitilar ta yi rawa a hannun Nasiba. Malam Chindo ya ce mata ta riƙe da kyau mana, sannan ya ƙara da cewa Allah ya yi mata albarka, duk cikin ƴaƴansa ita ce ta zauna da shi. Tuwon ranar bai wuce mata ba. Tana ta ganin igiya a ƙugunsa, da bakin rijiyar Jaje, da shi yana laluben bango da ƙafa.

Da gari ya waye, Talata, ta dama kunu ta kai masa gindin dogon yaro. Ya yi sallar asuba a gida saboda ƙafar, yana zaune ya miƙe ta, an ɗaure da tsumma. Ta ajiye kunun, ta zauna gefensa ba tare da ya kira ta ba, ta buɗe wasan. Ya ce yau kuma da sassafe? Ta ce akwai abin da take so ya duba.

Ta kara masa salular. Ga kogo, ga ginshiƙai, ga tafki. Ta shiga wurin ƴar sandar ta ja ta hagu, ta dawo. Hazo ya rufe komai, sai fitila ɗaya da ɗan abin da ke kewaye da ita. Ta ji numfashinsa ya tsaya. Ta sake shiga ta ja ta dama. Tafki ya dawo.

"Sake," in ji shi.

Ta sake. Ya tafi, ya dawo.

"Baba, ba idonka na ba," ta ce. "Hazon na wasan na. Ni nij janye shi, ran da Baffa Jaje yaz zo."

Da ta fara, sauran ya biyo da kansa. Ta faɗi zancen ɗinki da Rashida da telar. Ta ce so ta yi a samu ruwa a gama. Ta ce bokal ɗinsa bai je wurin Sirajo ba, ta goge. Ta ce Mustafa ma ba ta gaya masa komai ba, yana nan zuwa yanzu kamar yadda aka shirya.

Malam Chindo bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya ɗaga kai ya dubi sama, inda ganyen dogon yaro yake, ya juya ya dubi wajen rumbu, ya dubi tafin hannunsa, kamar mai duba kayan da aka ce masa na jabu ne. Kunun ya yi yana a sama bai taɓa ba.

"Ashe ruwan ma ba mu munka same su ba," ya ce.

Ta ce a'a.

Sannan ya tambaye ta me ya hana ta ce masa tana son zuwa ɗinki. Sai hawaye suka zubo mata. Ya ce shi ke nan. Ya ce ta mai da hazon inda ta same shi, kada ta ƙara taɓawa, kuma in Allah ya sa an dawo lafiya wani kogon za su nema, don wancan ya riga ya lalace. Jaje kuwa, ya ce, kada kowa ya gaya masa, shi zai san yadda zai faɗa masa da bakinsa.

Ta ja ƴar sandar hagu, ta kashe salula. A lokacin ne ta ga Inna Asma'u tsaye a ƙofar ɗaki, ta riga ta yafa mayafinta na fita, babbar rigarsa a ninke a hannunta da hularsa a kai. Ba ta san tun yaushe take tsaye a wurin ba, ba ta kuma san tun yaushe aka ninke rigar ba.

Daga waje motar Mustafa ta yi oda. Malam Chindo bai motsa ba. Ta sake yi. Ya sa hannu ya lalubi gefen tabarma inda sandarsa ke zama, bai same ta ba, tana can jingine inda Inna ta ajiye ta jiya.

Nasiba ta tashi ta ɗauko. Ta tsaya ya sa riga, ya sa hula, ya miƙe yana ɗingishi. Ta matso masa da kafaɗarta don ya dafa, bai dafa ba, ko bai gani ba ne ko bai so ba, ba ta sani ba. Ya kama kan sandar. Ita kuma ta kama ɗaya bakin, ta shiga gaba, ta kewaye da shi nesa da turken akuya, suka nufi zaure a hankali.